Sabuwar Na'ura A Tsohon Jirgin Ruwa

Wanda ya buɗe filin manoma ya tarar da maganar jirgin ruwa, ya kuwa san Zariya ba bakin teku ta ke ba, ya yiwu ya ce an yi ɓatan kai. To, ya dakata tukuna. Kifin bandar nan da a ke jibgewa a kasuwar Sabon Gari ba Kubanni ce ta ba da shi duka ba, ba kuma Galma ba. Mai yawa daga Yawuri ya ke zuwa, da garuruwan bakin tafkin Kainji, da wajen tafkin Chadi, kuma kafin ya hau mota sai da ya hau jirgi. Haka albasar da a ke nomawa a bakin Kwara. Falken Chikaji da ya zuba kuɗinsa a kifi ko albasa a can, dukiyarsa a kan ruwa ta ke yini, ko da shi kansa bai taɓa tsoma ƙafa a Kwara ba. In jirgi ya kife, da shi aka kife.

Abin da ya kawo maganar shi ne na'urorin nan na nuna hanya da su ke ta shigowa hannun masu jiragen ruwa. Akwai wadda a ke kira GPS, mai gaya wa mutum inda ya ke a bayan ƙasa. Akwai ma'aunin zurfi, mai gaya masa ƙafa nawa ne tsakanin gindin jirginsa da ƙasan ruwa. Yanzu har akwai allo guda mai haɗa su duka, da taswira a kai. Abubuwa ne masu amfani ƙwarai, ba mai hankalin da zai hana a saye su. Amma akwai wata magana da ta kan biyo bayansu daga bakin mai sayarwa, watau wai in an sayi sabo sai a kwance tsohon kaya duka a zubar, a sake kome daga farko. Wannan magana ba daidai ba ce. Abin da ya kamata shi ne kada a biya kuɗin ko wace sabuwar na'ura sai an tabbata za ta zauna lafiya da kayan da ta tarar a jirgin, abin da ke aiki tun da kuwa a bar shi a wurinsa, ya zama shaida a kanta.

Mutanen Zariya ba su bukatar a je nesa a nemo musu misali. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, a kan hanyar da aka shimfiɗo daga Baro, bakin Kwara, zuwa Kano, faɗinta ƙafa 3 da inci 6. Ba a daɗe ba aka ja wata hanya daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, aka gama ta a 1914, amma ita faɗinta ƙafa 2 da inci 6 ne, don a rage kuɗi. Duka biyu hanyar jirgi ce, duka biyu ƙarfe ne, amma taragon wannan ba ya hawa waccan. Kayan da za su wuce sai an sauke su a tashar Zariya an sake lodawa. Haka aka yi ta fama har aka rufe ƙaramar hanyar a 1957. Ƙafa guda tak ce bambancin, ta ci guminta shekara arba'in da ɗoriya. Manomin fadamar Galma da ya sayo injin ban ruwa mai baki inci 3, alhali mesarsa ta inci 2 ce, shi ma ya san zancen. Haka wanda ya sayo garmar tarakta ya tarar ƙusoshinta ba su shiga hannun taraktar da ke garin. Tun 1922 a ke binciken aikin gona a Samaru, kayan aiki iri iri sun zo sun wuce, amma garmar shanu ta zauna, domin in bakinta ya cinye maƙerin ƙauye ya iya ƙera mata wani.

Yanzu a koma kan ruwa, a ga dalilin da ya sa matuƙi ya ke bukatar taimako tun da fari. An gama madatsar Kainji a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya yi tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, tun daga madatsar har wajen Yawuri, ya shanye tsohuwar Busa da gonaki da tsibirai, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu mazauni. Duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, yau suna ƙarƙashin ruwa. Ba duk itatuwa aka sare ba kafin ruwa ya zo, waɗansu suna nan tsaye a ciki har yanzu, sun bushe sun yi tauri kamar ƙarfe. Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu Kwara ta ke kawo ruwa a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa wanda ya ke tasowa tun daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai da hunturu. Saboda haka tafkin ya kan cika da sanyi, sa'an nan ya yi ta ja da baya tun daga bazara har cikin damina, bambancin kuwa ya kan kai kamar mita 10. Wurin da jirgi ya wuce lafiya a watan Janairu, a watan Yuni kututture ne ke jiransa, tafin hannu guda ƙarƙashin ruwa. In aka ƙara da hazo, ranar da mutum ba ya hangen gaɓa ko wace fuska, an ga wuyar aikin.

A nan GPS ta ke da rana. Taurarin ɗan Adam ne na Amurka, suna kewaya duniya kamar kilomita 20,000 a sama, ko wanne yana aiko da saƙon lokaci da inda ya ke. In na'ura ta kama huɗu ko fiye, sai ta lissafa matsayinta. An cika taurarin aka fara aiki sosai a 1995, amma har zuwa watan Mayu na 2000 da gangan a ke dagula saƙon ga wanda ba soja ba, kuskuren ya kan kai mita 100. Da aka daina, ya koma 'yan mitoci kaɗan. Yau Rasha da Turai da Sin duk suna da nasu taurarin, sababbin na'urori su kan saurari duka. Ba a biyan ko kwabo don sauraro. Wayar hannun nan ta shafawa ma tana da GPS a cikinta, kuma tana aiki ko babu sabis, in an riga an sauke taswira a ciki. Sai dai waya ba ta son ruwa, ba ta son rana, cajinta kuwa ya kan ƙare daidai lokacin da a ke bukatarta.

Shi ma'aunin zurfi da ƙara ya ke aiki. Akwai ɗan abu da a ke tsomawa a ruwa a bayan jirgi, a kira shi kunne. Shi ne ke aika ƙara ƙasa, ta bugi ƙasan ruwa ta dawo, ya ji. Ƙara tana tafiya kusan mita 1,500 cikin daƙiƙa guda a ruwa, daga lokacin da ta ɗauka a ke gane zurfi. Masunta su kan ga garken kifi a allon. Amma fa a lura, irin wanda aka saba sayarwa ƙasa ya ke dubawa, ba ya duban gaba. Kututturen da ke gaban jirgi ba zai nuna shi ba sai an hau kansa. Wanda aka ce masa ya sayi ido, ya san cewa idon a diddige ya ke.

To, a ce ga falke a Chikaji, su uku ko huɗu sun haɗa jari da wani mai jirgi a Yawuri. Jirgin katako ne, da injin baya irin Yamaha ɗin nan mai ƙarfin doki 40 da a ke tayarwa da igiya. A cikinsa akwai tsohon ma'aunin zurfi da aka saya na hannu, da 'yar GPS ta riƙewa a hannu wadda matuƙi ya shekara biyar yana ajiye alamun hanya a cikinta, da kamfas, da gwangwala. Kasuwa ta yi kyau, suka ce bari a sayo babban allo mai launi. Tambayar farko da ya kamata su yi ba kuɗinsa ba ne. Su tambaya da wane harshe ya ke magana.

Ba wasa ba ne, na'urorin nan harshe gare su. A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera kayan lantarkin jiragen ruwa, a taƙaice a ke ce mata NMEA. A 1983 ta fitar da ƙa'idar yadda na'ura za ta gaya wa 'yar'uwarta abin da ta sani, aka sa mata suna NMEA 0183. A wannan tsari na'ura ɗaya ce mai magana a kan wayoyi biyu sirara, sauran su saurara, kuma a hankali ta ke yi kamar mai karanta wa tsoho wasiƙa. Wajen 2001 aka fito da wata, NMEA 2000. Ita igiya ɗaya ce a ke ja ta bi tsawon jirgi, ko wace na'ura ta jona a jikinta, har guda 50, kowa ya yi magana kowa ya ji, saurinta kuwa ya fi na farko sau 50. Sunan ya yi kama, amma ba su jin juna ko kaɗan. In aka murɗe wayar wannan da ta waccan ba abin da zai fito, in ma ba a ƙona wani abu ba. Akwai ɗan akwati da a ke sa wa tsakani, aikinsa aikin tafinta ne, ya ji daga tsoho ya faɗa wa sabo. Waɗansu sababbin alluna suna da ƙofa biyu, ta tsohon harshe da ta sabo, waɗansu kuwa ta sabo kaɗai. Mai ƙofa biyu shi ne na mai tsohon jirgi, ko da ya ɗara kuɗi kaɗan, gama kuɗin tafinta da wahalar nemo shi sun fi wannan ɗoriya. Har wa yau waɗansu kamfanoni, irin su Raymarine da Simrad, sun yi kayan da ke magana da sabon harshen amma da bakin filogi irin nasu, sai an sami 'yar wayar haɗi. Wannan 'yar waya ba a samunta a tebur a kasuwa. A karɓo ta tare da allon, rana ɗaya, a kan ciniki ɗaya.

Kunne ma haka. Tsofaffin kunnuwa da yawa da murya biyu su ke aiki, mai kauri ta ruwa mai zurfi da siririya ta ruwa kaɗan, watau kilohaz 50 da 200. Sababbin alluna da yawa suna iya aiki da su, in bakin filogi ya dace ko an sami mahaɗi, sai dai ba za a sami hoto mai kyaun da aka nuna a kwali ba. Ga jirgin dakon albasa wannan ba hasara ba ce, shi lambar zurfi ya ke so. Abin kula a jirgin katako shi ne ƙara ba ta ratsa katako da kyau, tilas kunnen ya taɓa ruwa, kuma nesa da kumfar farfela. In za a huda gindin jirgi a dasa shi, ba a sa na roba, domin katako ya kan kumbura ya fasa shi. In tsohon kunne yana zaune daram ba ya yoyo, wanda ya ce a cire shi a sake huda jirgi, a tambaye shi dalili.

Sa'an nan wuta. Nan ne mafi yawan kuɗi su ke ƙonewa. Na'urorin nan wutar batir su ke so, bolt 12, mai zama daidai. Da yawa daga cikin injinan da a ke tayarwa da igiya wutar da su ke bayarwa ta fitila ce, tana hawa tana sauka yadda inji ya ke gudu. In aka jona allo kai tsaye a nan, an yi masa sallama. Abin da ya fi shi ne batir na dabam da ɗan farantin sola da mai daidaita caji, da fis a kan wayar, a sa su cikin akwati inda ruwa ba ya kai. Ko wane mai haɗa sola a Sabon Gari ya san wannan aiki. Mai sayarwa zai nuna yadda allon ke faɗin zafin inji da man da ya sha. Gaskiya ne, amma da sababbin injina masu kwamfuta a ciki. Tsohon inji ba shi da bakin da zai yi wannan magana, kada a biya kuɗin abin da ba za a more ba, kada kuma a sayar da inji mai lafiya, wanda ko wane makanike a bakin kwata ya san cikinsa, don a faranta wa allo rai.

Akwai wani tarko da akawu da malamin safiyo za su fi saurin ganewa. Ko wace taswira tana da tushen awo. Tsofaffin taswirorin Nijeriya daga Minna aka kafa tushensu, GPS kuwa da tushen duniya ta ke aiki, mai suna WGS 84. Lamba ɗaya ce, amma a wajen Kainji wurin da ta ke nunawa a wannan tushe da wancan ya bambanta da kimanin mita 80 zuwa 90. A tudu wannan kuskuren iyakar gona ne, a je gaban mai unguwa a sasanta. A ruwa shi ne tsakanin hanya da dutse. In za a kwashe alamun da ke cikin tsohuwar GPS a zuba a sabuwa, akwai tsarin ajiya da a ke kira GPX wanda yawancin na'urori su ke karantawa, shi ya fi kwafa da hannu. In kuwa da hannu za a kwafa, a duba tushen da ko wacce ta ke kai, a duba kuma yadda ta ke rubuta lamba, domin wata digiri da minti ta ke bayarwa, wata digiri da ɗigo.

Wani zai ce duk wannan ƙananan abubuwa ne, na masu kwale-kwale. To, ga labarin wani babban jirgi. A ranar 9 ga Yuni 1995 jirgin fasinja mai suna Royal Majesty ya tashi daga tsibirin Bamuda zai tafi Boston ta Amurka, da mutum fiye da 1,500 a ciki, da kayan tuƙi na zamani, da hafsoshi masu takardu. Bai yi nisa ba wayar eriyar GPS ta tsinke. Na'urar ta daina jin taurari, ta koma kirdado, watau tana lissafa inda jirgi ya ke daga saurinsa da fuskar da ya sa gaba, ba ta san abin da iska da igiyar ruwa su ke yi ba. Ba ta ɓoye ba. Ta yi 'yar ƙara, ta rubuta da ƙananan baƙaƙe a fuskarta cewa kirdado ta ke yi, ta kuma sa alama a cikin saƙon da ta ke aika wa na'urar da ke riƙe da akalar jirgin. Amma wani kamfani ya ƙera wannan, wani ya ƙera waccan. Duka biyu an ce da NMEA 0183 su ke magana, sai dai inda wannan ta sa alamarta ba nan waccan ta ke dubawa ba. Na'urar tuƙi ta karɓi kirdado a matsayin gaskiya, allo yana nuna jirgi a tsakiyar hanya, ruwa kuwa yana janye shi gefe a hankali. Fiye da awa 30 a haka. Daren 10 ga wata jirgin ya hau kan rairayi kusa da tsibirin Nantucket, mil 17 daga inda a ke zaton ya ke. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

Abin da masu bincike su ka tarar daga baya shi ne abin tunani. A cikin jirgin akwai tsohuwar na'ura mai suna Loran, wadda ke aiki da tashoshin rediyo na tudu, kuma tana nuna wurin gaskiya, amma ba a gwada ta da sabuwar yadda ya kamata ba. Akwai ma'aunin zurfi mai ƙararrawa, amma an bar ƙararrawar a kan sifiri, ba za ta buga ba sai jirgi ya taɓa ƙasa. Masu tsaro a waje sun hango fitilu da farin ruwa inda bai kamata a gan su ba, aka bi ta kan maganarsu, domin allo ya ce kome lafiya. Shaidu uku ke nan a jirgi guda, aka bar su aka bi ɗaya, don shi ne sabo.

Shi ya sa maganar a zubar da tsoho ba ta karɓuwa. Da tsohuwar zuma a ke magani. Kamfas ba ya cin batir. Gwangwala ba ta ƙarya, in ta taɓa ƙasa a ƙafa 4 to ƙafa 4 ne. Har yau dokar jiragen teku ta duniya ta wajabta kamfas na maganaɗisu a manyan jirage, kome yawan allunansu. Makarantar hafsoshin sojan ruwa ta Amurka ta daina koyar da gane hanya da taurarin sama, a 2015 ta dawo da shi, da ta ga cewa ana iya toshe saƙon GPS ko a gurɓata shi. Nan Zariya ma, a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, jirgin da ɗalibi ya ke koyo da shi, ko fuskarsa duk allo ce, akwai ɗan kamfas a gefe. Abu ɗaya dai, in an kawo allo da batir da lasifika, kada a jera su kusa da kamfas, gama ƙarfe da wuta su kan ja allurarsa ta karkace. A duba inda allura ta ke nunawa kafin a kunna kaya, a sake dubawa bayan an kunna.

Babban tsohon kaya a jirgi kuwa, wanda ba a rubuta shi a rasit, shi ne matuƙin. Taswirar da ke zuwa cikin allon an yi ta ne don tekuna da tafkunan waɗansu ƙasashe, ba ta san kututturen Kainji ba. Wanda ya san shi shi ne Basarken da ya gaji ruwan, wanda zai ce a nan kukar tsohon gari ta ke, a can tudun kasuwa. In ana son allon ya yi amfani, daga kan wannan dattijo za a cika shi. Lokacin da ruwa ya ja baya, kututture da duwatsu su ka fito fili, a ɗauke shi da rana a bi hanya a hankali, ya nuna, yaro ya danna alama, akawu ya rubuta a littafi da sunan da mutanen wurin su ke kiran gurbin. Shekara biyu uku an sami taswirar da ba kamfanin da ya ke da irinta. Littafin a ajiye shi a tudu, domin allo ya kan faɗa ruwa.

Masu cewa a sake kome gaba ɗaya ba su rasa hujja ba ɗungum, a ba su haƙƙinsu. Ko wane mahaɗi da ko wane tafinta wuri ne da tsatsa za ta kama, jirgin da wayoyinsa su ka yi yawa kamar saƙar gizo kuwa wata rana ba mai gane kansa. Akwai kuma tsohon da ya tsufa da gaske. GPS tana ƙirga makonni ne har 1,024 sa'an nan ta koma sifiri. Haka ta faru a watan Agusta na 1999, ta sake faruwa ranar 6 ga Afrilu 2019, waɗansu tsofaffin na'urori su ka rikice su ka koma nuna kwanan wata na shekarun baya. Irin wannan, in kamfaninta ya daina gyara ta, ba a ɗora mata amanar jirgi. Wayar da ta yi kore a ciki ita ma a sake ta, ba tsada gare ta ba. Amma wannan hukunci ɗaya ɗaya a ke yinsa, bayan an gwada abu an ga ya gaza. Wanda ya yanke shi a kan kaya duka tun bai ga jirgin ba, cinikinsa ya ke dubawa.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa allo zai ɗauke wa jirgi nauyin da ya fi ƙarfinsa. A watan Mayu na 2021 jirgi ya taso daga jihar Neja zai je kasuwar Wara a ƙasar Ngaski ta jihar Kebbi, da mutum fiye da 150, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne su ka tsira. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 su ka rasu a wajen Patigi, suna komowa daga biki cikin dare. Allah ya ji ƙansu. Ba GPS da za ta hana katako tsufa, ba ma'aunin zurfin da zai rage lodi. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma ce a sa rigar kariya. Abin tsoro shi ne mai jirgi ya sayi allo ya ga kamar ya sayi izinin tafiyar dare. In kuɗin fatake bai isa duka biyu ba, rigunan kariya da gyaran katako su ne gaba, allo ya jira wata kakar.

Saura maganar wanda zai yi aikin haɗawa. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejin koyar da aikin. A Zariya, kan hanyar Basawa, akwai cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa tun 1986, ba kuwa sufurin mota kaɗai aka kafa ta dominsa ba. Ga samari a Chikaji da Sabon Gari da Samaru masu gyaran waya da rediyo da haɗa sola, hannunsu ya riga ya faɗa, abin da ya rage musu shi ne wanda zai nuna musu wace waya ce ta magana, wace ce ta sauraro. Kwas na mako biyu ya isa a fara. Da an yi haka da mai jirgi a Yawuri bai jira wani ya zo daga Ikko ba saboda waya guda ta kwance.

Kafin nan, fataken nan na Chikaji su aika a kwafo musu suna da lambar ko wace na'ura da ke jirgin, da hoton bakin ko wane filogi, su tafi da su wurin mai sayarwa, ya rubuta a rasit cewa kayansa za su yi aiki da waɗannan, in ba su yi ba ya karɓi abinsa. Ranar haɗawa a zana takardar wayoyi, wace launi ta tafi ina, kwafi ɗaya a jirgi ɗaya wurin akawu. Fitar farko a yi ta da rana, ba lodi, a kan hanyar da matuƙi ya sani kamar tafin hannunsa. A tsoma gwangwala a wuri uku huɗu a gwada da lambar allo. A ajiye tsohuwar GPS kusa da sabuwa a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Sa'an nan, a tsakiyar tafiya, wani ya zare wayar eriya ko ya rufe ta da kwanon ƙarfe, kowa ya tsaya ya ga abin da allon zai yi, da irin ƙarar da zai yi, don matuƙi ya san kamanninta tun yana ganin gaɓa.